Amshin Baba Lado

Litinin, bayan azahar

Na buɗe shago yau don zaman gida ya ishe ni. Tun ranar Asabar da Baba ya tafi gonarmu ta wajen Farfaru bai dawo ba, tsakar gidanmu cike take da mata. Kowace ta shigo sai ta ce Allah ya bayyana, Inna ta ce amin, wata ta sake shigowa. An ishe fartanyarsa da takalmi ƙafa ɗaya a bakin kunya. Gero ya yi tsawo bana, mutum ba ya hango na gabansa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan a kan wannan.

Shagon nawa na cajin waya ne da tura waƙoƙi, a bakin tashar Magama, kusa da inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka iyaka. Ɗazu wani direban Maraɗi ya miƙo mani memori, ya ce in cika mashi da waƙoƙin Lado da Kalilu, duka, tun daga na kaset. Bai san ɗan Lado ne ke gabansa ba. Na tura mashi.

Talata, da hantsi

Waɗanda suka ɗauke Baba sun kira jiya da la'asar, da wayarsa. Kawu Badaru, wan Inna, shi ya ɗauka, shi kuma aka ce ya riƙa magana da su. Sun faɗi abin da suke so. Kawu ya ce a ba shi Baba su gaisa, aka ce yana can ciki inda babu sabis. Aka kashe.

Inna ba ta ci komai ba. Ƙanwata Mufida ta dama mata kunu, ya huce a wurin.

Laraba, bayan la'asar

Oga Bitrus, makaniken manyan motoci da garejinsa ke jingine da shagona, ya zo ya zauna kan bencina da baƙin mai a hannunsa. Bai yi mani jaje ba, ya riga ya yi a gida. Cewa ya yi in sa mashi "Ɗan Issa Ba Nisa", a hankali, kada a ce muna shagali.

Ita ce ta farko da Baba suka yi shi da Baba Kalilu, tun ba a haife ni ba. Lokacin Baba yana kamasho a tashar nan, Baba Kalilu kuma ɗan Maraɗi ne mai tsallaka fetur a jarka. A zauren kakana suka ɗauke ta, makirufo ɗaya rataye a azara. Babu kayan kiɗa, Baba na tafi, Baba Kalilu na dukan jarkar da babu mai a ciki. Baba ya jefa baiti, shi kuma ya amsa nan take, ba rubutu ba shiri. Kuma amshin nasu ba maimaitawa ba ne irin na 'yan amshi. Tsokana ce. Wannan ya taɓa wancan, wancan ya rama, kuma dole ƙarshen ya faɗa daidai. A tsakiyar waƙar ma jaki ya yi kuka, suka bar shi.

Oga Bitrus ya ce shi da ya zo Jibiya daga kudancin Kaduna, da waƙar nan ya koyi Hausar nan ta Katsinawa. Ya ce duk wanda ya ce akwai wadda ta fi ta a cikin nasu, kunnensa na buƙatar sabis. Na ce ai "Layi Ya Katse" ta fi sayuwa. Ya ce taliyar leda ma tana sayuwa.

Na yi dariya. Sai da na yi na tuna.

Alhamis, da safe

Ba su kira ba.

Juma'a, bayan an sauko

Liman ya sa sunan Baba cikin addu'a, tare da na wasu. Jerin ya yi tsawo. Ban san mutanen ƙauyen Riko ma na ciki ba.

A shago na tsinci kaina ina jin "Shayin Hajo". Ita ce ta biyu, wadda suka shiga sitidiyo a Maraɗi aka sa masu fiyano. Har yanzu in ka kasa kunne jarkar na nan a ƙasan fiyanon, tana bugawa kamar ba ta son a gan ta. Hajon ita ce Inna, lokacin Baba na neman ta. Baba na yabon shayinta, Baba Kalilu na cewa shi dai da ya je ruwan zafi aka ba shi. Inna ta ce har yau ba ta yafe mashi ba, duk biki sai an tsokane ta da ita.

Na kashe kafin ta ƙare.

Asabar, da la'asar

Sun turo murya ta Wasaf. Kawu ya dage sai ya ji shaida, shi ne suka turo. Baba ne, yana rera baiti shi kaɗai, ba kiɗa, ƙasa-ƙasa. Kawu ya sa a sifika a tsakar gida. Mufida ta durƙushe tana kuka, maƙwabta suka shigo ana hamdala. Akwai wani sauti a bayan muryar, shuuu, Kawu ya ce iskar daji ce. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce a kawo mata kunun.

Na ce alhamdulillahi tare da kowa.

Lahadi, da hantsi

Na ce alhamdulillahi. Ba ƙarya na yi ba, ana cewa a kowane hali.

Litinin, bayan azahar

Kawu ya sayar da shanun huɗa a kasuwa jiya. Ya fara haɗa sauran abubuwan da suka lissafa, har da babur. Sun ce ɗan gida ne zai kai, ba ɗan aike ba. Ɗan gida namiji ni ne. Ba wanda ya faɗa, kowa dai ya kalli wani wuri.

Ba tafiyar ce ke damuna ba.

Talata, bayan la'asar

Yau ba ciniki, an tsayar da motoci a sanda, shingen iyaka, tun safe, direbobi na kwance ƙarƙashin tirela. Oga Bitrus ya zo muka ci gaba da gardamarmu, ina jin don ya ɗauke mani hankali yake yi.

"Layi Ya Katse" a Kano aka yi ta, lokacin da wayar hannu ta cika gari. Kwamfuta ce ta yi kiɗan duka. Mai sitidiyon ya ce jarka ƙauyanci ce, aka fitar da ita. Ya ce kuma ba ya da lokacin da za a tsaya ana jefa baiti ana jiran amsa, su rubuto komai daga masauki. Ya bi muryoyinsu ya goge su sumul, har ni ɗansa in ba na lura ba ba na gane ina Baba ya tsaya ina Baba Kalilu ya ɗauka. Ita ta kai su ko'ina. Daga nan har Agadas in waya ta yi ƙara ita ce. Baba ya gina ɗakin bulo da ita, amma ban taɓa jin ya rera ta a gida ba.

Ta ƙarshe ita ce "Sanda A Tsakani", shekarar da aka rufe iyaka. Baba ya ɗauki nasa a Katsina, Baba Kalilu ya ɗauki nasa a Maraɗi, aka tura wa wani yaro a waya ya haɗa. Baiti na bin baiti, amma babu wanda ke amsa wa wani, kamar mutum biyu kowa na magana da bango. Kafin a yi ta ne Baba ya faɗi a babur haƙorinsa na gaba ya karye, shi ya sa a cikinta duk inda ya ce "sanda" sai ka ji ɗan fito ya fita. Tun daga lokacin haka yake magana. Ko sallama ya yi a ƙofar gida da fiton muke gane shi.

Bayan ita suka ɓata. Ba mu san abin da aka ce ba. Baba dai ya ce waƙar da babu amshi wa'azi ce, ya koma gona.

Oga Bitrus ya ce in sa mashi muryar da aka turo, ya ji ana maganarta. Na ce ba ta cikin wayata. Tana ciki.

Laraba, da safe

Na sake ji. Akwai "sannu" a ciki, akwai "safiya", akwai "sassafe". Babu fito ko ɗaya.

Bara Baba ya kawo mani wani tsohon kaset da ya tsinta cikin akwatinsa, na gwajin da yake yi shi kaɗai kafin su tafi Kano. Ya ce in juye mashi a memorin wayarsa. Ni na juye. Shuuu ɗin nan na san shi, ba iska ba ce.

Wayar tana hannunsu. Abin da na sani ke nan. Ban san komai bayan wannan ba, kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Laraba, bayan magariba

Inna ta ci tuwo. Mufida har ta yi kitso. In na buɗe baki me zan ba su a madadin wannan?

Alhamis, da la'asar

Baba Kalilu ya zo.

Ta hanyar gona ya shigo a bayan ɗan acaba, don ya ce takardarsa ta mutu, ba ya da ƙarfin tsayawa gardama a sanda. Ya tsufa. Ya yi ƙiba, gemunsa fari. Ya tsaya a zaure ya yi sallama, Inna ta ji muryar daga ciki, ta ce a shimfiɗa mashi tabarma. Ya gaishe ta, ya ce, "Hajo, ina muka ji da wanga abu." Ta ce sai haƙuri. Shekarun nan duka ba wanda ya ambace su.

Kawu ya sa mashi muryar da murnarsa. Baba Kalilu ya sunkuyar da kai ya ji sau ɗaya. Ya ce masha Allah. Sai ya ɗago ya dube ni, na kalli tabarma.

Da Kawu ya tafi alwala ya ce in raka shi ya sayi goro. Ba mu kai wurin mai goron ba ya tsaya.

"Isah, kai ka san wanga abu."

Na ce na sani, Baba.

"Tun yaushe?"

Na ce tun ranar da aka turo.

Bai yi mani faɗa ba. Ya ce shi yana zaune a ɗakin ranar da aka ɗauki kaset ɗin, shi ya danna rakoda. Ya tambaye ni wa zai kai kayan, na ce ni. Ya daɗe yana kallon motocin da ke layi, ya ce ba zan taka ko'ina ba sai Lado ya yi magana da bakinsa na yau.

Juma'a, da hantsi

An yi sa-in-sa a zaure. Kawu ya ce mutanen nan ba a ja masu rai, sun ba da shaida sau ɗaya, in aka ce ƙarya suka yi abin da za su yi kowa ya sani. Ya ce kuma mutumin da ya yi shekaru bai leƙo gidan ba, ba shi zai zo yau ya tsara mana ba. Baba Kalilu bai ce muryar tsohuwa ce ba, saboda labulen Inna na motsi. Ya ce shi dai a bar shi ya gaida abokinsa, ba wanda zai ce ya ƙaryata shi. Kawu ya ce gaisuwar me, ai ba biki ake ba.

Ni aka juyo ana kallo. Na ce a bar Baba Kalilu ya yi. Kawu ya ce to, kai ne mai tafiya, ya fita bai ɗauki hularsa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Inna ta kira ni ɗakinta. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Isah, haƙorin babanka sake tsirowa ya yi a dajin?"

Na zauna a bakin gadonta.

Ta ce ita ta zauna da bakin nan da haƙori, ta zauna da shi babu. Ta ce ta ci tuwon ne don Mufida ta ci. Ta ce in gaya wa Kalilu ya yi abin da zai yi.

Na fito na ishe akuya ta shiga buhun dusa, na tsaya ina kallonta, na kasa korarta.

Asabar, bayan azahar

Sun kira. Kawu ya yi magana, sannan ya miƙa wayar ba da son ransa ba. Baba Kalilu ya ce shi ne Kalilu. Sai muryar can ta ce wane Kalilun, na Lado? Yaro ne, da jin muryar bai girme ni ba. Ya ce shi da "Layi Ya Katse" ya tashi, a bikin yayarsa ma ita aka sa. Ya ce a yi mashi kaɗan. Baba Kalilu ya yi mashi, a tsakar gidanmu, Inna na tsaye riƙe da ƙofa. Yaron na dariya yana bi.

Da Baba Kalilu ya gama ya ce shi ma yana da roƙo. Zai turo baiti ɗaya, a kai wa Lado ya ji, a ɗauko amsarsa. Ya ce haka suke yi tun suna samari, in ya jefa Lado bai rama ba, ba ya iya barci. Amsa na zuwa, kaya na tashi. Yaron ya ce za a gani.

A wayata muka ɗauka. Baba Kalilu ya sa na kawo jarkar ruwan Inna na zubar, ya ɗora a cinya, ya buga irin bugun farko, ya rera:

Lado na zo gidanka ban ishe ka ba,
Hajo ta ba ni shayi babu sukari.

Inna ta ce ko a yau sai ka taɓa ni.

Na tura. Alama biyu ta fito, ta zama shuɗiya.

Lahadi, da safe

Shiru.

Litinin, da la'asar

Shiru. An yi ruwa tun hantsi, rufin shagona na zuba a kan soket, na kwashe wayoyin mutane na sa a bokiti na rufe.

Talata, bayan azahar

Kawu ya kira lambar, a kashe. Ya dube ni ya ce ga abin da ya faɗa. Bai ƙara ba. Da ya ƙara da ya fi mani sauƙi.

Baba Kalilu a zaure yake kwana. Ba ya cin abinci sosai. Yatsunsa na bugun gwiwarsa, ba ya sanin yana yi.

Laraba, da hantsi

Wata mata ta zo in tura mata "Sanda A Tsakani". Na ce mata waƙar ta goge daga kwamfutata. Oga Bitrus na jina, ya aiko mani da ƙosai.

Ban taɓa son waƙar nan ba. Yau ita nake so in ji kuma ita ce ba zan iya ji ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ina cire wa wani caji wayata ta yi motsi. Lambar Baba. Ban buɗe ba. Na kulle shago, na bar mai cajin a tsaye, na tafi gida da ƙafa don na manta akwai acaba.

A zaure na buɗe, ni da Baba Kalilu da Kawu, Inna a bayan labule. Da farko tari ne, mai tsawo. Ana jin shanu a nesa da wani yana cewa yi mana, tsoho. Sai tafi, a hankali, hannu ba ƙarfi. Sai murya, ta dishe har ban so in gane ta ba:

Sukarin ni na ɓoye don na san ka,
in ka sha da daɗi ba ka komawa Maraɗi.

Fito a "sukari". Fito a "san". Fito a "sha".

Baba Kalilu ya rufe fuskarsa da hula. Daga cikin hular ya ce, "Ɗan banza, har yanzu ya fi ni." Kawu ya ce a sake sawa. Na sake. Labulen Inna ya daina motsi, sai muka ji ta zauna a ƙasa.

Juma'a, bayan asuba

Yau ne. Kawu ya duba man babur da iskar taya da kansa, ya ɗaure kayan, ya sake kwancewa ya ɗaure. Ya ce in sun ce tsaya in tsaya, kada in kalli fuskar kowa. Inna ta tofa mani addu'a a ka. Baba Kalilu ya ba ni takalminsa na roba ya ce Lado ƙafa ɗaya gare shi a can.

Lahadi, da la'asar

Mun dawo, ni da Baba. A ƙafa, sai can bakin titi muka samu mota.

Abin da na gani a can ba zan rubuta ba. Akwai waɗanda muka bari, sun bi mu da ido.

Laraba, bayan la'asar

Kumburin ƙafafun Baba ya fara saɓewa. Ba ya magana sosai, in an yi sallama da ƙarfi sai ya zabura. Bai faɗi dalilin da ya sa ba a ba shi waya da farko ba, ba wanda ya tambaya. Masu zuwa barka sun ragu.

Ɗazu aka fito da shi zaure ya sha iska. Baba Kalilu na gefe, har yau bai ce ga ranar tafiyarsa ba. Sai Baba Kalilu ya jawo jarkar nan ya fara taɓawa da yatsu, kamar ba da gangan ba. Baba ya saurara idonsa a rufe. Can ya ce, "Kana sauri. Kullum sai ka yi sauri." Baba Kalilu ya ce kai ne ka tsufa. Amma ya rage.

Inna ta aiko Mufida da shayi kofi biyu, ta biyo ta ta tsaya a bakin ƙofa. Baba Kalilu ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya leƙa cikin kofin. Na Baba kaɗai ta sa wa sukari.

Baba ya yi dariya har ta koma tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Sannu, Kalilu," fiton ya fita har bakin titi.